Muryar da Kawu Ya Tafi da Ita

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawu dai ya riga mu. An sallace shi a Masallacin Koudoukou bayan Azahar, kafin La'asar tabarmin ƙofar gidanmu sun cika da maza. Mu mata muna ciki tare da Inna, matarsa, wadda ta raine ni tun ina rarrafe. Ni na zauna kusa da labulen zaure don karɓar kwanukan abincin maƙwabta, saboda haka na ga abin da sauran mata ba su gani ba.

Masu goro na kasuwa ne suka fara. Dattijo zai zo ya durƙusa, ya yi ya haƙuri, a shafa fatiha. Sai ya karkata wajen na kusa da shi ya ce ƙasa-ƙasa, "Akwai farin goro?" Wancan ya amsa, "Sai dai na jiya." Su yi murmushi, sannan ɗayansu ya kai hannun riga ya share ido. Wani malami baƙo da ya biyo mutanen unguwar Kokoro ya gaji da jin zancen, ya tambayi mijina ko mamacin fataucin goro yake yi. Mijina ya ce a'a, fim ya taɓa yi. Malam ya yi istigfari ya gyara zama.

A cikin gida kuwa wata mai suyar makala, wato fanken mutanen nan, tana ta faɗa da Sango, yaren ƙasar nan, cewa 'ya'yanta duk a bakin Kawu suka koyi Hausa. Waya ba ta huta ba. Mutanenmu da rikici ya watsar suna ta kira daga Njamena, daga Duwala, daga garuruwan kan iyaka. Kowa in ya gama gaisuwa sai ya yi tambaya iri ɗaya: an dai ɗauki muryarsa ko? Ni ce mai amsawa, kuma amsar ita ce ba a ɗauka ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, don baƙin cikin ya yi mini yawa in riƙe shi ni kaɗai.

Wanda bai tashi a unguwarmu ta Kilomita Biyar da ke Bangui ba sai na yi masa bayani. Kawu yayan mahaifiyata ne. A zamanin kaset yana da gidan bidiyo a bayan kasuwa, ɗakin kwano mai bencuna da talabijin guda a kan durom. Aikinsa shi ne ya tsaya gefen talabijin da 'yar sanda a hannu yana fassara wa mutane fina-finan Turawa. Ingilishi ko zo in kashe ka bai ji ba, Faransancinsa ma na ciniki ne. Abin da Bature ya faɗa daban, abin da Kawu ya ce ya faɗa daban, kuma kowa ya yarda na Kawu ya fi daɗi. Fina-finan leƙen asiri su ne rayuwarsa, waɗanda mutum ke tafiya cikin doguwar kwat yana waiwaye.

Inna ta ce wata rana yana cikin cin tuwo ya ajiye loma ya ce shi fa abin ya ishe shi. Don me 'yan leƙen asiri sai a ƙasar sanyi? A unguwar nan kafin ki sauke tukunya layi uku sun san miyar da kika yi, to su wa suka fi mu iya wannan sana'a? Ta ɗauka irin zancensa ne na kullum. Ba a jima ba sai ga shi da kyamara ta hannu, wadda ya saya wurin wani direban Duwala, a naɗe cikin tawul.

Labarin da ya tsara ba shi da wuya. An ɓoye lu'ulu'u a cikin farin goro guda, goron ya ɓace cikin huhunan kasuwarmu, sai wata ƙasa da ba a faɗi sunanta ba ta turo ɗan leƙen asiri ya nemo shi. 'Yan wasa duk maƙwabta ne, ladansu shayi da burodi. Ɗan leƙen asirin kuwa amininsa ne, wani tela Kirista daga unguwar Miskine, dogo siriri, wanda muke kira Papa Tela. Shi ke ɗinka wa Kawu kayan Salla tun suna samari, kuma har suka tsufa ba su daina gardamar wane ne babba ba. Da hannunsa ya ɗinka wa kansa kwat har gwiwa, ya saka ta a zafin Bangui da baƙin tabarau, har ranar da ya kusa sumewa a gaban masu nama. Mai goron da ke riƙe da sirrin, mahaifiyata ce. Ina goye a bayanta, kaina kawai ake gani. Ba ta kai ga yaye ni ba Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu ga kuskuren, wanda duk duniya Kawu ne kaɗai zai yi shi. Ya yi imani kaset kamar sabon zane yake, duk kallo ɗaya yana rage masa haske. Shi ya sa duk tsawon ɗaukar bai yarda an saka shi a talabijin ba ko sau ɗaya. Ta ɗan idon kyamara yake leƙawa, ya ga hoto ya fito, ya gyaɗa kai ya mayar cikin tawul. Ya sa mutane sun haddace magana, ya yi faɗa da wanda ya manta, ya sa liman ya roƙi masu injin niƙa su tsaya don kada ƙara ta shiga. Ranar nunawa ta farko ɗakin ya cika har taga, wasu a kan kwano. Aka kunna. Ga kasuwa tsaf, ga Papa Tela yana waiwaye, ga bakuna suna motsi, amma ko tari ba a ji. Ashe abin ɗaukar maganar kyamarar a mace yake tun daga Duwala.

Inna ta ce ya yi ta murɗa maɓallin ƙara har ya fito a hannunsa. Wani a baya ya fara dariya. Sai Kawu ya jefa maɓallin a aljihu, ya ɗauki sandarsa, ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya buɗe baki. Shi ne ɗan leƙen asiri, shi ne mai goro, shi ne ɗan sanda, shi ne kare, shi ne ƙarar babur. Da aka tashi mutane suka ɗauke shi sama. Daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa yarda kuskure ne ba. In an tsokane shi sai ya ce da gangan ya yi, manyan masu fim haka suke yi, mu ne ba mu waye ba.

Haka fim ɗin ya zama namu. Ba a taɓa jin sa iri ɗaya sau biyu ba. In 'yan Miskine sun fi yawa sai ya juya shi Sango, in 'yan Cadi ne ya yayyafa Larabci, in ya hango wanda ya ci masa mutunci a kasuwa sai ka ji mugun fim ɗin ya ɗauki irin maganarsa. Tambayar farin goro ta fito daga ɗakin ta shiga bakin mutane, har yau in ɗan kasuwa na son magana da kai a keɓe ita zai yi maka. Akwai kuma ɗabi'arsa da na fi so. Duk wanda ya bayyana a hoton, ko wucewa kawai ya yi da tire a ka, in ya rasu Kawu zai tsayar da kaset a kan fuskarsa, ya faɗi ɗan wane ne, a yi masa addu'a, Musulmi ne ko Kirista kowa ya yi irin tasa, sannan a ci gaba. Shekaru na tafiya fim ɗin na ƙara tsawo. Zawarawa kan zo su zauna a bencin baya don wannan tsayawar kawai, kuma ba ya karɓar musu komai.

Mahaifiyata ce kaɗai ba ya tsayawa a kanta. Ya ce in ya tsaya ba zai iya ɗorawa ba. Amma yana yin muryarta, siririya, da 'yar dariya a ƙarshe. Ɗan leƙen asiri zai sunkuya gaban tirenta ya yi tambayarsa, ita kuma ta ba shi amsa, ta kai hannu baya wajen goyonta, Kawu ya ce ga ta nan tana ɓoye goron a zanen jaririya. Ni ina bencin gaba kullum. Ba ni da wani hotonta sai wannan, kuma duk abin da na sani na muryar uwata daga bakin Kawu na ji shi. In kewa ta taso mini ina yarinya, sai in je in tsaya kusa da durom, shi kuma ya gane.

Papa Tela ya samu suna daga fim ɗin. Yara da manya Esfiyon suke ce masa, wato ɗan leƙen asiri da Faransanci, kuma yana jin daɗin abin. In ya shigo kasuwa sayen zare sai ya ɗaga wuyan riga ya riƙa waiwaye, masu shaguna suna tafi. Ko bayan da wayoyi suka kashe gidan bidiyo, duk Salla Kawu kan fito da talabijin tsakar gida, Papa Tela a kujerar gaba yana musanta duk abin da aka sa a bakinsa.

Sai rikici ya zo. Ba zan bayyana shi ba, wanda ya gani ya gani. Hanyar da ke tsakaninmu da Miskine, wadda muke bi da silifa mu je aron gishiri, ta zama wurin da ba a takawa. Ana cikin haka Salla ta matso, Papa Tela ya gama rigar Kawu. Duk mai hankali zai ajiye ta sai ƙura ta lafa. Shi kuwa ya sa ta a leda ya tako da rana tsaka, don a ganinsa ba a taɓa Salla Kawu bai sa ɗinkinsa ba. A bakin unguwa samari masu tsaro suka tare shi. Ɗaya daga cikinsu ya gane shi ya ce ga Esfiyon nan, watakila ma da wasa ya faɗa. Sauran ba su taɓa ganin fim ɗin ba. Suka rufe shi da duka.

Kawu ya fita ba takalmi. Waɗanda suka gani sun ce kwanciya ya yi a kansa, ya ce sai dai a haɗa su. Ya kawo shi zaurenmu jini na zuba a goshi, Inna ta kawo ruwan ɗumi tana wanke masa. Da a nan labarin ya tsaya da ba ni da abin cewa sai yabo. Amma Kawu in tsoro ya kama shi faɗa yake yi, haka Allah ya yi shi. Ya tsaya a kan amininsa ya ce, "Wa ya aike ka? Ba ka san yanzu ba a son ganin irinku a nan ba?"

Papa Tela ya ɗago ya dube shi. Ya ture hannun Inna a hankali, ya miƙe, ya ajiye ledar a kan tabarma.

"Sunan da ya kusa kashe ni yau, kai ka ɗinka mini shi," in ji shi. "Ban taɓa jin nauyinsa ba sai da ka ce irinmu."

Kawu ya tara dattawa suka raka shi har iyakar unguwa. Daga baya muka ji ya bar Miskine ya koma wurin 'yarsa can ɗaya gefen gari. Daga ranar Kawu bai sake tsayawa gefen talabijin ba.

Hoton bai ɓata ba, don tun kafin rikici an juye shi a faifai, daga nan ya shiga wayoyi. Samari suka ɗora masa kiɗan Indiya suna tura wa juna, Kawu in ya gani sai ya tofar da yawu. Muryar ce babu a ko'ina sai a ƙirjinsa. Na roƙe shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na ce ya zauna a ɗaki shi kaɗai in ajiye masa waya, ko da wurin mahaifiyata kawai ya yi mini. Amsarsa ba ta canzawa: "Fim ɗin na mutum biyu ne, ɗiyata. In ya zo ya zauna a kujerarsa, ki tara wayoyin duniya." Na ce to ya je ya ɗauko shi mana, ga gari ya yi sanyi, ga babura suna zuwa ko'ina. Ya ce bayan Salla. In Salla ta wuce ya ce ai shi ne babba, ƙarami ke zuwa. Inna ta ce ba girma ba ne, kunya ce, bai san da wane baki zai fara ba. Rigar nan kuwa ita yake sawa kowace Salla har wuyanta ya zare, kuma bai bari wani tela ya taɓa ta ba.

Zan faɗi gaskiya ko da ana cewa a ambaci mamaci da alheri: ina jin haushinsa. Mutumin da ya iya sa wa kare da babur magana, ya kasa haɗa kalma biyu ya kai wa amininsa. Ya hana kansa, ya hana unguwa, ya hana ni. Ciwon nasa bai yi tsawo ba. Da na ga numfashinsa ya fara nauyi ban sake tayar da zancen ba, na riƙa ba shi kunu kawai.

Ranar addu'ar bakwai, da hantsi, bayan an raba sadaka mutane sun ragu, babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani tsoho ya sauko da sanda, 'yarsa na tallabe da shi, ya tsaya riƙe da hula a hannu bai shigo ba. Ni na fita. Ya rame, ya ranƙwafa, amma tabon goshin yana nan. Na durƙusa na ce, "Papa, sannu da zuwa." Ya ɗan zabura ya dube ni, sannan ya amsa da bara ala, sannun Sango, ya yi mini gaisuwa da Hausarsa ta masu ɗinki. Ya ce a waya ya ji, kuma ya ji a makare. Ya ce shi ma ya sha sa takalmi zai taho, sai ya tuna shi ne babba.

Inna na takaba, ta bayan labule suka gaisa. Can ya tambaya ko fim ɗin yana nan. Wani daga cikin dangi ya fara cewa gidan makoki ne, bai dace ba. Inna ta katse shi ta ce mai gidan ya bar magana, in wannan ya zo a kunna. Aka fito da talabijin zaure, aka kawo kujerar da ba a zauna a kanta ba tun wancan lokaci. Tsofaffin masu goro da ba su tafi ba suka matso.

Ban taɓa jin shiru mai nauyi irin wannan ba. Ga kasuwarmu ta da, ga shagunan da aka ƙone, ga mutane suna wucewa, rabinsu na ƙarƙashin ƙasa rabinsu na wata ƙasa, babu mai tsayarwa ya faɗi ɗan wane ne. Wani dattijo ya yi ƙarfin hali ya miƙe ya tsaya inda Kawu ke tsayawa, ya faɗi magana biyu, ya ji yadda ta fito, ya koma ya zauna. Aka bar bakuna suna motsi.

Sai ga mahaifiyata da tirenta. Dogon mai kwat ya sunkuya, 'yan zauren suka yi masa tambayar a hankali, suka kuma ba da amsar. Papa Tela ya ɗaga sanda ya ce a tsayar. Yana dariya hawaye na bin kumatunsa.

"Ba abin da ta ce ke nan ba," in ji shi. "Ni ne a gabanta, na ji. Ko kallona ba ta yi, da shi take, yana bayan kyamara. Cewa ta yi, 'Yaya, ka gama mana haka, rana na dukan kan ɗiyata.'"

Na dubi hoton. Hannun nan da ta kai baya, wanda na girma ina cewa goro take ɓoyewa, bakin zane take ja tana rufe mini kai. Tun ina ƙarama nake kallonsa ban taɓa gani ba.

Papa Tela ya ce kuma muryarta ba siririya ba ce, Kawu ne ya siranta ta don a bambanta da ta maza. Ya ce mai kauri ce, da ɗan dishi-dishi. "Irin taki ce, ɗiyata. Da kika gaishe ni a ƙofa, na ɗauka ita ce."

Kawu ya san wannan. Na tabbata da amininsa na kujerar nan wata Salla, da sun yi gardama a kai, da na ji tun yana da rai, da na ji daga bakinsu su biyu. Allah ya jiƙanka Kawu, ya yafe maka taurin kai da saurin baki, ya saka maka da kwanciyar da ka yi a kan amininka da duk fuskar da ka tsaya a kanta ka nema mata rahama. Ya haɗa ka da ƙanwarka inda ba rana mai dukan kai.

Na ce a mayar da hoton baya kaɗan. Wurin Kawu na gefen talabijin babu kowa. Da bakinta ya fara motsi, ni na faɗi maganarta da muryata.